Takardun da Na Yaga da Makullin da Na Ajiye Miki

Al Rigga, Dubai
Ranar Juma'a, bayan mun taso daga coci

Zuwa ga 'yata Alheri,

Uwata, ina gaishe ki gaisuwar uban da ya ga akwatin 'yarsa a bakin ƙofa ya rasa ta cewa. Ubangiji ya kai ki Amurka lafiya, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki a otal ɗin da za ki yi shekara guda kina koyon aiki. Mamanki ma tana gaishe ki, ko da yake ga ta can a ɗakinku tana cusa miki yaji da kuka har cikin takalma, kamar an gaya mata mutanen can ba sa cin abinci. Na ce kada ki buɗe wannan takarda sai jirgi ya tashi. In kin buɗe ta tun a filin jirgi, ba zan yi mamaki ba, na san wadda na haifa.

Maganar samari da sanyi da zuwa coci, mamanki ta yi miki ita har ta ishe ki. Ni maganar haraji zan yi miki. Na san kin yi dariya, kin ce Baba kuku ne, ina shi ina haraji. To ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin akwai abin da ya faru a gidan nan shekara uku da suka wuce wanda ba mu taɓa gaya miki ba. Saura ƙiris a lokacin ki bar makaranta, ke da mamanki ku koma Kafanchan, ni in zauna nan ni kaɗai. Kuma laifina ne, ba na kowa ba. Abin da ya sa nake tone shi yanzu, na ga halina a jikinki. Ke ma in aka ba ki canji bai cika ba, sai ki yi murmushi ki wuce, ki zo gida kina ta ƙunƙuni.

Kina da shekara goma sha biyu aka zaɓe ni in je aikin wata biyar a wani otal na bakin teku a Amurka, lokacin da baƙi suke yi musu yawa suna neman ƙarin masu gashi. Kin tuna, a lokacin ana ta haƙa titin nan namu saboda metro, jirgin ƙasan cikin gari, sai mun yi zagaye kafin mu kai ki bakin motar makaranta. Na tafi ina jin kaina, na ce ga Istifanus ɗan Kafanchan zai gasa wa Turawa nama.

Ranar da aka ba ni albashin farko, na duba takardar na ga an gutsure wani abu mai kauri. Ke kin tashi a Dubai, kin san nan albashi yana zuwa cif, ba wanda ya taɓa shi. A gida kuwa, yadda na sani, in an yanki wani abu daga kuɗin mutum, to akwai hannun da ya yanka, kuma mai hannun yana nan kusa. Sai na duba, wa yake ba da albashi? Wata dattijuwa ce mai gilashi a wani ɗan ofis kusa da kicin. Nan take na yanke mata hukunci a zuciyata, na ce wannan tsohuwar ita take cin guminmu, mu baƙi. Ban tambaye ta ba. Ban tambayi kowa ba. Ina jin kunyar a ce ɗan Afirka ya zo yana faɗa a kan kuɗi, kuma ina tsoron a ce na cika ƙorafi a mayar da ni. Wata biyar ina gaishe ta da bakin da ba ya buɗuwa sosai. In ma'aikata suka yi layin abincin rana, kowa na cika masa faranti da tsoka, ita kuwa in laluba in zaɓo mata mai ƙashi. Baiwar Allah takan karɓa ta ce ta gode, har ta ce gashina ya fi na kowa daɗi. Ni kuma in ce a raina, ai dole ya yi miki daɗi, da kuɗina kike ci.

Ashe ko sisina ba ta taɓa ba. Haraji ne, gwamnatin ƙasar take cira tun kafin kuɗin ya iso hannun ma'aikaci. Kuma abin da ban sani ba sai bayan shekaru, suna cirar ne kamar mutum zai yi shekara cur yana karɓar wannan albashi. Ni kuwa wata biyar na yi. Ke nan sun ɗauki fiye da abin da ya kamata su ɗauka, kuma dokarsu da kanta ta ce baƙon da ba mazaunin ƙasar ba ne yana iya cika fom bayan shekara ta ƙare, a yi lissafi, a mayar masa da rarar. Kamar mai shago ne da kika miƙa wa babbar takardar kuɗi, canjinki yana cikin aljihun teburinsa, ba zai hana ki ba, amma kuma ba zai biyo ki gida da shi ba.

Saboda haka, Uwata, ranar da kika karɓi takardar albashinki ta farko, ki ɗauke ta ki je ofishin da aka buga ta. Ki gaisa, ki zauna, ki ɗora yatsa a kan kowane layi ki ce a yi miki bayani: wannan na mene ne, wa yake karɓa, ana mayarwa ko ba a mayarwa. Wani na gwamnatin ƙasa ne, wani na jiha ne, wani kuma ba ya dawowa sam, gara ki san kowanne tun da wuri. Ba wanda zai kore ki don kin yi tambaya, an ajiye su a ofishin ne don su amsa. Kuma kada ki zargi mutum a zuciyarki wata biyar a kan abin da minti biyar za su warware. Har yau in na tuna ƙasusuwan da na zuba wa matar nan sai in ji kamar in nutse.

Kuskurena na biyu ma a ofishinta na yi shi, tun ranar farko. Ta ba ni fom, akwai wurin da aka ce mutum ya rubuta adireshinsa na dindindin. Ni kuwa na gyara zama na rubuta yadda nake gaya wa direban tasi da mai kawo mana gas: Al Rigga, bayan masallaci, saman gidan canji, hawa na uku. Saura kaɗan in ƙara da cewa a tambayi Istifanus kuku. Na manta sarai cewa a garin nan ba a kai wa mutum wasiƙa gida, sai dai akwatin gidan waya, ni kuwa ba ni da shi. A farkon kowace shekara masu otal suna aika wa duk wanda ya yi musu aiki wata takarda guda, mai nuna jimillar abin da ya samu da jimillar abin da aka cire masa. Da ita ake neman rarar haraji. Sun aiko tawa kuwa, kamar yadda doka ta ce. Allah kaɗai ya san gidajen canji nawa ta wuce kafin ta koma inda ta fito.

Ke za ki baro can kafin taki takardar ta fito. In kika rubuta adireshin ɗakin da za ki zauna, ranar da za ta iso wata yarinya ce a kan gadonki. Ki ba su adireshin da zai kasance nan bayan kin tafi, ki ba su imel ɗinki na kanki ba na wurin aiki ba, kuma ranar sallama ki koma ofishin ki ce a nuna miki abin da aka rubuta a kwamfuta, ki gani da idonki.

Na uku shi ne wanda mamanki ba ta gajiya da ba wa ƙawayenta labari. Kin san kakanki hatsi yake sayarwa. In mutum ya gama biyan abin da ke tsakaninsu, sai ya ɗauko takardar ya yaga a gabansa, wato magana ta ƙare, ba na riƙe da kai a zuciya. Da na zo kasuwar Deira a nan Dubai na tarar haka masu kago, masu tura kaya gida, suke yi. Kaya sun sauka Kano lafiya, an buga waya an tabbatar, sai a yaga rasit a ce khalas, wato shi ke nan. A wurinmu, wanda ya ci gaba da ajiye takarda bayan an rabu lafiya, kamar yana shirin kai ƙara ne. Da wannan tarbiyya na dawo. Ina kwance jaka a tsakar ɗaki, kina can kina gwada takalmin da na kawo miki, sai na ci karo da takardun albashina guda goma a cikin ambulan. Na haɗa su na yaga biyu, na watsa a kwandon shara.

Mamanki ta ɗago daga keken ɗinki ta ce, "Baban Alheri, mene ne ka yaga haka da ƙarfi kamar takardar saki?"

Na ce, "Takardun Amurka ne. Sun ci abin da suka ci, na yafe. Khalas."

Ta ce, "Ka yafe wa wa?"

Na ce, "Ke dai ki yi ɗinkinki."

Ta koma kan kekenta. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan, har ina jin na yi abin dattako. Ki ji ni da kyau, 'yata. Wannan al'ada tamu mai kyau ce tsakanin mutum da mutum, ranar da kika yi ciniki da wanda ya san gidanku kika san nasu, ki yaga abinki. Amma gwamnati ba ta san fuskarki ba, ba ta san kakanki ba, takarda kawai ta sani. Duk takardar da aka ba ki mai ɗauke da sunanki da lamba, ki ajiye ta a wuri guda, ki ɗauki hotonta ki aika wa kanki. Ki ajiye ko da kin ga kamar ta gama aiki.

Na huɗu, na saurari hirar shayi. Kin san Baba Mumuni, mutumin Kumasi, direban otal ɗinmu, wanda yake kawo miki dabino duk azumi. Bayan na dawo da kamar shekara, wani baƙo da nake gasa wa kifi ya ce mini ai ana mayar da irin wannan kuɗi. Na kai wa Mumuni maganar muna shan shayi a bakin ruwa wajen masu abra, jiragen fito. Ya ajiye kofi ya kama hannuna.

Ya ce, "Ei, Shef! Kana da hankali kuwa? Gwamnati tana barci za ka je ka tashe ta? Wallahi kana rubuta musu, za su buɗe fayil ɗinka, su ce kai ne ma za ka biya. Biza kuma khalas, kai da 'ya'yanka har abada. Ka taɓa jin inda gwamnati ta ba mutum canji? A Ghana? A Najeriya? Habibi, sha shayinka."

Na sha shayina kuwa. Mumuni bai taɓa taka Amurka ba, ko fom ɗinsu bai taɓa gani ba, amma ya yi maganar da ƙarfi, kuma ta yi daidai da tsoron da ke cikina, sai na karɓa hannu biyu. Shekara biyu na ƙara a zaune. Ban san cewa abin yana da wa'adi ba, shekara uku ne, in suka wuce ko kuka mutum ya yi ba a mayar masa. Kada ki raina abokai, Mumuni mutumin kirki ne, ya fi ɗan'uwa. Amma maganar doka, ki tambayi wanda ya taɓa yi, ko ki karanta a shafin ofishin harajin da kansa, sun rubuta komai kyauta. Kuma ashe cika fom ɗin nan ma wajibi ne a kan wanda ya yi aiki a can, shirun da na yi shi ne ya fi kusa da jawo mini matsala.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Shekarar da kike shirin shiga ajin ƙarshe, abubuwa suka haɗu mana. An sayar da otal ɗinmu, sababbin masu shi suka rage mana kason da muke samu a kan albashi. Mai gida ya ƙara haya. Kakarki, mai sunanki, ta yi jinyar da kika sani, ɗan abin da muka tara ya tafi can, kuma ban yi nadama ba. Sai ga takarda daga makarantarku, a biya kuɗin riƙe gurbi da na zangon farko, in ba haka ba a ba wa wata. Wata safiyar Juma'a kina wurin koyon waƙa, muka zauna da mamanki muka juya abin ta kowace fuska, bai juyu ba. Muka tsayar cewa in an yi hutu za ku koma gida, ki ƙarasa a can in an samu hali, ni in koma ɗakin ma'aikata. Mamanki ta yi kuka. Ni na fita baranda na tsaya ina kallon motoci suna wucewa, don kada ta ga nawa. Kika dawo kina rera waƙa, kika ga idanunmu sun yi ja, muka ce miki albasa ce.

Bayan kwana uku ina tsaka da gashi, sai ga Mumuni ya faɗo kicin, inda ba a yarda direba ya shiga ba, yana haki.

Ya ce, "Shef, na cuce ka! Wallahi na cuce ka paa! Ɗan yayata da ya je karatu can, an aiko masa cek. Gwamnati, Shef! Ta ba shi canji! Ya ce shekara uku ne, naka saura sati nawa? Yalla, ajiye wuƙar nan!"

Muka lissafa a tsaye, saura mako shida. Ɗan yayar tasa ya yi mini bayani a waya, ya ce in nemi takardar ƙarshen shekara, in babu, to takardar albashi ta ƙarshe za ta nuna jimilla da lambar otal ɗin, da ita sai a nemi kwafi. Na ce masa na gode, na kashe waya, na jingina da firji. Ni da na yaga su da hannuna ina taƙama.

Na dawo gida na gaya wa mamanki. Ta yi mini wani kallo, ta tashi, ta jawo gwangwanin biskit ɗin nan da take ajiye allura da zare. Ta zazzage shi a kan gado. Uwata, ga takarduna nan, rabi-rabi, guda ashirin, ko ɗaya bai ɓata ba. Ashe ranar da na watsar ta tsince su, don bayansu fari ne tas, takardar kuma mai kauri, ta ce asara ne a zubar. Shekara uku da su take rubuta awon matan da suke kawo mata ɗinki. Na juya ta farko, na ga an rubuta Hajiya ta Kano, ƙugu kaza, ƙirji kaza, tsawon hannu kaza.

Na ce, "Maman Alheri, yanzu ƙugun Hajiya zan aika wa gwamnatin Amurka?"

Ta ce, "Gaban za ka yi wa hoto, ba bayan ba. Kuma ka yi a hankali, matar nan tana da ɗinkin biki wata mai zuwa, in ka ɓatar mini da awonta kai za ka je ka sake auna ta."

Muka yi dariya har hawaye, karo na farko a wannan makon. Muka zauna da salatif muna haɗa rabi da rabi. Kin shigo kin tambaya me muke yi, muka ce aikin coci ne.

A nan ma na kusa yin kuskure na biyar. Wani mai shagon buga takardu a Deira ya ce in bar masa komai, shi zai cika, amma rabi nasa ne, kuma cek ɗin ta adireshinsa zai zo. Saboda gaggawa har na miƙa hannu zan ba shi fasfo. Mamanki ta taka mini ƙafa ta ce, "Mun gode, za mu yi shawara." Muna fita ta ce, "Mutumin da cek zai zo hannunsa, ranar da ya ce bai zo ba, wa za ka kai wa ƙara?" Ba laifi ba ne ki biya wanda ya iya ya taya ki cikawa, amma ki san ladansa tun farko, ki karanta kafin ki sa hannu, kuma kuɗin ya zo da sunanki, ta adireshinki. Ki tabbata fom ɗin baƙi aka cika miki, wanda waɗanda ba mazauna ƙasar ba suke cikawa, don akwai masu cika wa mutum na 'yan ƙasa saboda kuɗin ya fi yawa, daga baya a zo ana neman mutum. Abin da ba naki ba kada ki nema. In lissafi ya nuna ke za ki ƙara musu, ki biya ki huta. Ni kuku ne, ba akawu ba, dokokinsu kuma suna canzawa, don haka duk abin da na faɗa ki sake tabbatarwa a can.

Washegari na je gidan waya na kama hayar akwati, abin da ya kamata in yi tun kafin in tafi. Sannan na zauna rubuta imel zuwa otal ɗin. Wa zan rubuta wa? Ofishin biyan albashi. Na yi ta addu'a Allah ya sa dattijuwar nan ta yi ritaya, don ban san da wane ido zan roƙe ta ba. Kwana biyu sai ga amsa, ita ce. Ta ce takardata ta dawo musu tun shekarar, an buga mata hatimin ba a samu mai ita ba, ta ajiye ta a aljihun teburinta ko wata rana zan nema. Ta turo mini hotonta nan take, ta sa ainihin a gidan waya. A ƙasa ta ƙara layi guda, wai tun da na tafi ba a sake gasa nama mai daɗin nawa ba. Na karanta a tsaye a shagon intanet, na rasa inda zan sa fuskata. Na rubuta mata godiya, na kuma gaya mata gaskiyar maganar ƙasusuwa, na nemi gafara. Ta amsa cewa ita ta ɗauka don na ga tana son mai ƙashi ne.

Muka cika fom, ɗan yayar Mumuni yana kan waya, mamanki tana riƙe da takardu, ni ina gumi. Na yi kwafin komai, na aika ta hanyar da ake ba mutum shaidar aikawa, saura kwana tara wa'adi ya cika. Amma makaranta ba ta san da wannan ba, ranarta na matsowa. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na sa rigar coci ranar aiki, na ɗauki kwafin, na je wurin shugabar makarantarku. Na ce mata ba sadaka nake nema ba, ina da kuɗi a hanya, ga shaida, a riƙe wa 'yata gurbinta zuwa ƙarshen hutu. Ta duba takardun, ta duba sakamakonki, ta ce ta ba ni. Na fito ina mamaki, ashe abin da ya tsaya tsakanina da wannan amsa buɗe baki ne kawai.

Daga nan sai jira. Duk Alhamis in na tashi daga aikin safe sai in bi ta gidan waya, a cikin zafin nan da kika sani, in buɗe akwati in ga wayam. Ma'aikacin wurin har ya san ni, yana hango ni sai ya ce, "Shwaiya shwaiya, inshallah," wato sannu sannu. Mumuni kuwa ya daina haɗa ido da ni. Wata huɗu ana haka. Ranar da na buɗe na ga ambulan mai ɗan tagar leda da sunana a ciki, na zauna a kan benci na daɗe. Banki ma sai da ya riƙe cek ɗin wasu makonni kafin ya zama dirhami, ki san da wannan, kada ki yi alkawari da kuɗin da bai shigo hannu ba. Ba wani kuɗi ne na a zo a gani ba, ba zai sayi fili ba. Amma ya biya gurbinki da zangon farko, kafin na biyu ya zo mamanki ta samu ɗinkin Sallah, ni kuma aka ƙara mini matsayi. Kika shiga ajin ƙarshe da sabuwar jaka, kina mitar launinta bai yi miki ba.

Wannan ke nan. Kin gama sakandare, kin yi kwas ɗinki, ga shi yau za ki tafi ƙasar da ubanki ya je ya yi wauta, ke kuma za ki je da ido buɗe. Ba na jin tsoro a kanki kamar yadda na zata zan ji. Kin fi ni karatu, kin fi ni Turanci, kuma kin gaji rabin mamanki, wadda ba ta zubar da takarda. Rabin nawa ne kawai nake roƙon ki yi wa linzami. Kunya ado ce a gaban manya, ki riƙe ta. Amma ranar da haƙƙinki yake hannun wani, ko albashi ne, ko hutu, ko haraji, ki gaisa da ladabi, ki buɗe baki ki nema.

Ki taɓa ƙasan ambulan ɗin nan, za ki ji wani abu mai tauri, mamanki ta naɗe shi a ƙyalle. Makullin akwatin gidan waya ne. Biyu suka ba ni, ɗaya yana wurina. Ban daina biyan hayarsa ba tun wancan lokaci, mamanki tana ta faɗa wai ɓarna ce, ba wanda yake rubuto mana. Makon jiya na je na sa an ƙara sunanki a kai. Lambar tana jikin makullin, ita za ki rubuta a fom tun ranar farko, a wurin adireshin dindindin. In kin dawo, ke za ki buɗe da hannunki ki ɗauko takardarki.

Amma ni ƙafata ta riga ta saba, duk Alhamis sai na bi ta wurin, kuma takardar gwamnati ba za ta zo ba sai baɗi. Na san akwai waya, na san za ki kira mamanki kullum ku yi ta hira in ce a gaishe ki. Duk da haka, in kin samu sarari, ko layi uku ne a bayan wata takarda, ki jefa a gidan waya, don kada tsoho ya yi ta buɗe akwati yana ganin wayam har shekara guda.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya ba ki lafiya da farin jini a wurin aiki, ya tsare ki daga mugun abokin tafiya, ya dawo mana da ke cikin salama. Baba Mumuni yana gaishe ki, ya ce in gaya miki kada ki saurari shawararsa.

Ni ne mahaifinki,
Istifanus